Kujerun Motar Malam: Daga Kurugu Zuwa Zoza

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga Kurugu, ni da ɗana na biyu, a cikin motar Malam, Allah Ya jiƙansa. Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Don haka bakina ne ke faɗa, 'yata tana rubutawa a waya, saboda 'yan uwa mata da suka dame ta da tambayar abin da ya fitar da tsohuwa daga gida har Zoza. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta ƙara gishiri, in kuka ya zo mini ta jira ni.

Sai na fara gaya muku dalilin tafiyar, don kada ku ce tsufa ne ya taɓa ni. Malam direban babbar mota ne, ya yi shekara da shekaru yana jigilar hatsi da gyaɗa. Da ƙarfi ya ja baya sai ya sayi wata tsohuwar ƙaramar mota, kujerunta duk sun yage, soso ya fito. Wata rana ya tafi da ita Zoza, ya kwana uku, ya dawo an lulluɓe kujerun da jar fata, ɗinkin hannu. Ban tambaye shi wanda ya ɗinka ba, a zamaninmu mace ba ta bin diddigin irin wannan. Abin da na sani shi ne, kowace Juma'a da hantsi zai fita da tsumma a kafaɗa da wani ɗan gwangwani mai murfi, ya yi ta goge kujerun nan har su riƙa ƙyalli. Saboda haka abokansa suka sa masa Mai Tsumma. Ba a shan rake a motarsa, ba a cin ƙosai, jika ko na goye ne sai an shimfiɗa masa zane.

Ya rasu ana gab da shuka. Na shiga takaba, motar kuma aka rufe ta ruf a ƙofar gida, ta sha damina tun daga farko har ƙarshe. Ranar da na fita takaba, kafin in je gidan kowa, wajenta na nufa. Ina buɗe ƙofa na ga fumfuna ta yi fari a kan kujerun, fatar ta bushe ta fara tsagewa. Na tsaya na yi kuka kamar ranar aka fita da shi. Na duba gwangwanin nan a akwatin gaban mota, na same shi wayam, sai ƙanshi kawai.

Daga nan na yi abin da hankalina ya ba ni. Na dafa ruwa, na zuba garin sabulun wanki, na dirje kujerun da soso, na buɗe ƙofofi huɗu rana ta gasa su wuni guda. Da na ga sun ƙara ƙandarewa sai na ce yunwa suke ji. Ni kuwa sana'ata ƙuli-ƙuli tun ina amarya, a wurina babu abin da man gyaɗa ba ya tausasawa, daga faso har igiyar guga. Na ɗauko kwalba guda ta man da na matse da hannuna. Kujerarsa ta direba ita na fi so, don haka ita ta sha fiye da rabi. Kwana uku na farko sun yi taushi, na ji daɗi. Kafin mako biyu sun yi baƙi, suna danƙo, suna wari, kiyashi ya yi layi, ɓeraye kuma suka samu gidan biki.

Ɗana yana son ya fara neman abinci da motar, kuma gaskiyarsa ce, babu fasinjan da zai zauna a kan mai. Ya riga ya yi magana da wani mai ɗinkin kujerun mota a Karaye, za a yaye fatar gaba ɗaya a sa roba. Na ce wa ɗana ya yi mini alfarma ɗaya: ya kai ni wurin wanda ya ɗinka, in ji abin da ke cikin gwangwanin nan, in kuma ji ko fatar za ta tashi. In mai ita ya ce ta mutu, na yi alkawari ba zan ƙara magana ba. Abin da nake son in tsirar shi ne kujerar direba. Akwai lotsawar jikinsa a cikinta, akwai wurin da ƙeyarsa ta yi duhu a sama.

To, haka muka kama hanya. Na zauna a baya kamar kullum, na shimfiɗa buhu, gwangwanin yana ɗaure a bakin zanena. Hanyar da ta fitar da mu daga Kurugu ruwan bana ya ci ta sosai, motar tana tafiya tana rangaji kamar mai tsohon ciki. Gari na wayewa na ga gonaki, ni da na yi wata huɗu da kwana goma ban ga komai ba sai katangar tsakar gida. Dawa ta sunkuyar da kai, an tuge gyaɗa an kifa ta tana shan iska, mata sun fito roro da ƙwarya a ka. Na yi mamaki yadda duniya ta ci gaba da harkarta, an yi shuka, an yi noma, har ga kaka, duk ba Malam. A wani kwari shanu suka tare mana hanya, sai da suka gama shawararsu suka ba mu wuri.

A Karaye muka tsaya karyawa kusa da tasha. Ƙosan yanzu Allah Ya kyauta, kuɗin da a da zai cika maka kwano yanzu guda biyar ne, kowanne kamar ɗan carbi. Na karɓi nawa da kofin koko na fita waje na tsuguna a gindin bishiya. Ɗana ya leƙo ta taga yana dariya.

"Inna, motar da kika shayar da kwalbar mai, ƙosai biyar ne za su ɓata ta?"

Na ce, "Ci naka ka yi mini shiru. Kuma ka fito waje, ubanka bai yarda ba."

Ya fito.

Tun da nake ban taɓa kula da kujerar motar kowa ba sai ran nan. Na bi motocin tasha ina leƙawa ɗaya bayan ɗaya, har wani ya ɗauka ɓatan kai na yi. Na ga mai rigar yadi, na ga wadda aka shimfiɗa wa darduma, na ga wadda direbanta ya ɗora wasu duwatsun katako kamar carbi yana zama a kai, ya ce maganin ciwon baya ne. Wata kuwa ledar kanti ma ba a cire mata ba, duk wanda ya motsa sai ta yi ƙara. Na sa hannu na taɓa irin robar da ɗana ke so. Ba laifi, tana da santsi, amma tun da sanyin safiya ta fara ɗumi, na ce to da azahar sai a soya waina a kanta. Na tambayi wani direba mai kujerar fata abin da yake shafa mata. Ya ce shi baƙin man inji yake ɗan goga mata. Na ji sanyi a raina, ashe ba ni kaɗai ba ce.

Daga Karaye zuwa Rogo hanya ta fi dama-dama, wani wuri kwalta, wani wuri tarihin kwalta. Abin da ya fi ɗaukar idona shi ne rake. Gona bayan gona, ya yi tsayi ya rufe mutum, ga babura sun ɗauko shi a gicciye har sun fi mota faɗi. A wani wuri muka wuce masu dafa mazarƙwaila, ƙanshin ya shigo ta taga ya danne warin motarmu na ɗan lokaci. Malam yakan zo mini da ita duk sanda ya bi hanyar nan, a naɗe cikin takarda, kuma a bayan mota yake sa ta, ba a kan kujera ba. Na sa ɗana ya tsaya na sayi guda biyu. Ban iya ci ba, na riƙe su kawai.

Matsalarmu ita ce ba mu san sunan wanda muke nema ba. A Rogo muka sami wani mai gyaran takalma a bakin kasuwa, na kwance gwangwanin na miƙa masa. Ya buɗe, ya shinshina, ya leƙa motar ya dubi ɗinkin. Ya ce wannan hannun tsohon badukun Zoza ne, mai ɗinka tim-tim, babu mai irin wannan ɗinki sai shi. Sannan ya ce, bara dai yana da rai, bana bai ji labarinsa ba. Na ce wa ɗana mu tafi kawai.

Hanyar Zoza ta ƙasa ce, ga ramuka, ga ruwa kwance nan da can. Mun yi nisa kaɗan sai muka ga wata Bafulatana da ƙwaryar nono tana ɗaga hannu. Muka ɗauke ta, ta zauna kusa da ni. Bayan mun gaisa ta ɗan ja hanci ta ce, "Inna, ƙuli-ƙuli za ku kai kasuwa?" Ɗana ya yi dariya har motar ta kusa shiga gona. Can ta duba kujerun da kyau ta ce, "Kai, wannan ba motar Mai Tsumma ba ce?" Ashe Malam ya sha rage mata hanya, sharaɗinsa ɗaya ne, ta rungume ƙwaryar a cinya kada ɗigo ya zuba. Da na gaya mata ya rasu, ta yi salati, ta yi mini gaisuwa. Ita ce ta nuna mana gidan badukun, ta ce yana nan da ransa, jiya ma ya sayi nono.

Mun same shi a zaure, tsoho ne sosai, fatu jajaye da baƙaƙe a rataye, wurin yana warin bagaruwa. Tun kafin mu yi sallama ya ɗago kai, don ya gane ƙarar motar. Ya fito da fara'a yana cewa, "Mai Tsumma, sai yau?" Sai ya ga ɗana a mazaunin direba. Ya tsaya. Bai ji rasuwar ba. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya shiga ciki ya fito da wani gwangwani irin nawa sak, cike, ya ce tun tsakiyar damina ya haɗa ya ajiye masa, yana ta cewa gobe zai zo. A nan 'yata sai da ta jira ni.

Ya zagaya motar ya buɗe ƙofofi. Ya danna fatar da yatsa, ya shinshina yatsan, ya dubi ɗana.

"Kai ka yi wannan aikin?"

Na ce, "Ni ce. Da hannuna."

"Man gyaɗa?"

"Sabon matsa."

Ya ce, "Ai na ji, mai kyau ne kuwa. Da a tuwo kika sa shi da an gode miki."

Ya sa aka kawo mini tabarma a inuwar darbejiya, aka tura motar ita ma cikin inuwa, ya zauna ya yi mini bayani kamar mai koya wa amarya girki. Ya ce man gyaɗa ba abokin gabar fata ba ne, majema ma suna taɓa shi lokacin jima, amma ɗan kaɗan, kuma a fatar da za a rataye, ba wadda za a kulle a mota rana tana dafa ta ba. Ya ce tun kafin man ma na riga na yi ɓarnar: ruwan zafi da garin sabulu sun wanke ɗan maiƙon da ke riƙe da ita, rana kuma ta ƙarasa. Na tambaye shi abin da ya kawo ni, me ke cikin gwangwanin. Ya ce ba wani asiri ba ne, man kaɗanya ne da kakin zuma, a narka su tare a bari su daskare. Man yana tausasawa, kakin yana tare gumi da ƙura, shi ne kuma ya hana rinin karan dafi kama rigunan mutane. Na tuna watan farko da aka yi kujerun, liman ya sauka daga motar da jan baya, aka yi mako ana dariya.

Na ce ya gaya mini yadda Malam yake yi, daki-daki. Ya ce a fara kaɗe ƙura da busasshen tsumma. A bi da wani tsumman da aka jiƙa da ruwan sanyi aka matse shi sosai. A bar ta ta sha iska a inuwa. Sannan a laƙato haɗin, kamar ƙwayar gyaɗa ɗaya ta ishi kujera guda, a murza da tafin hannu har hannu ya yi ɗumi, a dawo daga baya a goge. Shafawar ba kullum ba ce, sai an ga fatar ta fara dishewa, gogewar ce ta kowane mako. Kada a ajiye mota a rana in akwai inuwa, da damina kuma a bar taga a buɗe kamar faɗin yatsa don ta yi numfashi. Ƙwayar gyaɗa ɗaya. Ni kuwa kwalba na juye.

Ya daka farar ƙasa ya barbaɗe kujerun da ita, ya ce za ta tsotse man, a ba ta zuwa bayan azahar. Iyalinsa suka kawo mana dambu da zogale, Bafulatanar nan kuma ta aiko da nono ba ta karɓi ko sisi ba. Na ci kaɗan. Idona yana kan motar.

Bayan salla ya share farar ƙasar, ta koma ruwan ƙasa saboda man da ta sha. Kujerar baya ta yi kyau, ya ce da ma ragowar kwalba ta samu. Ta gaba ta gefen direba ya ce za ta tashi, sai dai ramin da ɓera ya ci, kamar tafin hannu. Da ya zo kan ta direba sai ya kama gefenta ya ɗan ja. Ta yage a hannunsa ba ƙara, kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Wannan ta sha fiye da ƙarfinta." Wadda na fi so ita na kashe. Ɗana ya sunkuyar da kai, bai ce ai na faɗa ba, Allah Ya yi masa albarka.

Ina share hawaye sai tsohon ya ce in taso in ga wani abu. Ya nuna mini jinginar ɗaya kujerar ta gaba da tsinin basilla, can ƙasa ta hannun dama, ya ce in danna. Na danna, na ji tudu mai laushi a ƙarƙashin fatar, wanda babu shi a sauran.

Ya ce, "Auduga ce na cusa. Shi ya sa ni. Ya ce uwar gidansa tana da ciwon ƙugu ta dama, in an shiga rami tana jin jiki. Sau biyu yana sa ni warwarewa, wai bai yi daidai da tsayinki ba. Ya dai yi miki daidai ko?"

Shekara bakwai motar nan tana gidanmu, ban taɓa zama a kujerar ba. Ranar da Malam ya dawo da ita daga Zoza ya buɗe mini ƙofar gaba, ga maza zaune a dakalin ƙofar gida suna kallo, kunya ta kama ni, na wuce na shiga baya. Ya sake gwadawa ranar da za mu biki Kafin Dafga, garinmu. Ya ce, "Ki shiga gaba mana." Na ce masa gaba ta maza ce. Ya yi murmushi ya rufe ƙofar, bai ƙara tayar da maganar ba, bai kuma taɓa gaya mini abin da ya sa aka ɗinka a ciki ba. Maƙwabta da 'yan kasuwa su suka yi ta jingina da audugata, ni ina baya ina cije baki a kowane rami.

Tsohon ya yaye fatar kujerar direba. A can sama, wurin da ƙeyar Malam take taɓawa, hannuna bai kai da man sosai ba, fatar tana da sauran rai. Ya yanko wurin, ya daidaita shi a kan ramin da ɓera ya ci a ɗaya kujerar, ya ɗinke da hannu, yana yi yana hutawa, har la'asar. Facin ya fi sauran duhu, ana ganinsa daga nesa. Ya ce in ina so ya rina shi ya saje. Na ce a bar shi haka.

Muka yi sallama, ya ba ni cikakken gwangwanin, ya ce da ma na Mai Tsumma ne. Aka shimfiɗa wa ɗana bargo a kan soso. Ya zagayo ya buɗe mini ƙofar baya kamar yadda ya saba gani tun yana saurayi. Na ce masa ya rufe, na buɗe ta gaba da kaina na shiga. Na jingina. Tudun nan ya sauka daidai inda ciwon yake, ko yatsa ɗaya bai kauce ba.

Ashe haka hanya take daga gaba. Kana ganin rami tun kafin ya zo, ka shirya masa. Na ga rake, na ga shanu suna komawa, na ga rana tana sauka a kan dawa, duk ba ƙeyar kowa a gabana. Muka ratsa Rogo, muka ratsa Karaye ta gaban tasha, ina jiran in ga wanda zai nuna ni da baki. Babu wanda ya ko ɗaga kai. Abin da na guje wa shekara bakwai ke nan. Na ɓare mazarƙwaila ɗaya zan kai baki, na tuna, na mayar da ita cikin takarda.

Mun iso Kurugu ana kiran magariba. Kujerar direba za a sa mata roba jibi, na cika alkawari ban ce komai ba. Sauran biyun sun tsira.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, 'yan uwa, na farko dai ku riƙe: fata ba ta son ruwan zafi, ba ta son garin sabulu, ba ta son rana, mai kuma ƙwayar gyaɗa ɗaya ya ishe ta. In ba ki san abu ba ki yi tambaya kafin ki juye kwalba, don ƙauna ma in ta yi yawa ba sani tana kashewa. Na biyu kuma na masu miji da rai ne. In ya buɗe miki ƙofa, ki shiga. Ba ki san abin da ya sa aka ɗinka miki a ciki ba.

Jiya Juma'a da hantsi na sa aka tura motar gindin darbejiya, na fita da gwangwani. Matar maƙwabcinmu ta leƙo ta ga tsumma a kafaɗata, ta buɗe baki za ta yi magana, ta fasa. Na goge ta baya, na goge ta gaba, na murza facin nan har tafina ya yi ɗumi. Da na gama ban koma cikin gida ba. Na shiga na zauna a wurina, har aka kira salla.